SAYEN NAGARI MAI DA KUƊI GIDA: TSOHUWAR KWAMFUTA DA 'YAN MAKARANTAR KAFANCAN

Akwai wata al'ada da ta fara kafuwa a tsakanin 'yan'uwanmu mutanen Arewa mazauna Kurmi, musamman ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa da samari masu sana'ar zamani a Ikko da Badun da Fatakwal da Anaca, wadda ya kamata mu tsaya mu dube ta da idon basira. Idan mutum ya ga kwamfutarsa ta cinya, wato laftof, ta fara gajiya, Allah kuma ya hore masa abin sayen sabuwa, sai ya jefa tsohuwar cikin akwati, ya ce sai ya tashi zuwa gida hutun Salla ko na Kirsimeti zai kai wa ƙanensa ko ɗan 'yar'uwarsa da ke makaranta. Wani kuma yakan ɓoye ta ne yana jiran ranar da za ta ƙara tsada.

Niyyar na farkon kyakkyawa ce, lissafin na biyun kuma yana da kama da gaskiya. Amma ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, muddin kwamfutar irin siririyar nan ce marar nauyi da ake yayi, to, ajiyar asara ce. Mai ita zai yi asara, wanda aka ajiye dominsa ma zai yi. Abin da ya fi shi ne a sayar da ita nan Kurmi tun da sauran darajarta, a ɗauki kuɗin a yi wa ɗan gida sayayyar da ta dace da gida.

BUKATAR GIDA

Bari mu ɗauki Kafancan da kewayenta mu yi misali da su, domin da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi can ne aka binne cibiyarsu. Tun wajen 1927 da garin ya zama mahaɗar jirgin ƙasa, inda hanyar da ta taso daga Fatakwal ta rabu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya haura Jos, Kafancan ta saba karɓar kayan Kudu. Ta wannan hanya keke da rediyo da keken ɗinki suka shiga ƙauyukan Jama'a da Kagoro da Zonkwa da Kwoi. Yau jiniyar jirgi ta yi shiru, amma kaya ba su daina zuwa ba, sai dai a mota suke zuwa, kuma a cikinsu babu wanda iyaye suke roƙo kamar kwamfuta.

Dalilin a fili yake. Ga Kwalejin Horon Malamai ta Gidan Waya, ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafancan, ga makarantar koyon aikin jinya, ga kuma sabuwar jami'ar tarayya da aka kafa a Kaciya a 2025. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya bisa kwamfuta, a 2024 kuma hukumar WAEC ta fara gwada haka ga masu rubuta jarrabawa daga waje. Yaron da bai taɓa ɗora yatsa bisa allon rubutu ba, ran jarrabawa da na'ura zai fara kokawa kafin ya zo ga tambayoyi. Wanda ya shiga babbar makaranta kuwa, ga aikin gida, ga kundin kammala karatu, in ba shi da tasa kullum yana layi a shagon buga takardu yana biya shafi-shafi.

Ga kuma halin da manoma suka shiga. A daminar 2023 wata cuta ta afka wa gonakin citta a Kaciya da Jaba da Kagarko, ta bar gidaje da yawa hannu rabbana, alhali kuwa da kuɗin citta ake biyan makaranta a wannan yanki. Saboda haka idan uwa ta bugo waya ta ce a taimaka wa yaro da kwamfuta, magana ce mai nauyi, bai kamata a amsa ta da abin da aka ga dama ba.

BA CITTA BA CE

Kuskuren da ake yi shi ne auna kwamfuta da ma'aunin kayan da. Iyayenmu sun sayi keke Raleigh da keken ɗinki Singer, sun yi shekara ashirin suna mora, suka kuma bar wa magada. Fijo 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975 ta daɗe tana riƙe da kuɗinta, saboda babu garin da za ka shiga ka rasa bakaniken da ya san cikinta, ko ka rasa kayan gyaranta. Manomin Kaciya ma ya san idan ya fere citta ya shanya ta bushe, yana iya jibge buhuna a ɗaki har kasuwa ta yi kyau. Ai waɗanda annobar 2023 ta tarar da busasshiya a ɗakinsu sun ga yadda kuɗinta ya tashi.

Kwamfuta siririya ba ta cikin wannan sahu. Ta fi kama da kwandon tumatir a kasuwar Mile 12, kuma 'yan'uwanmu 'yan gwari ba su bukatar a yi musu dogon bayani: kuɗin safe daban, na la'asar daban, wanda ya kwana kuwa sai yadda mai saye ya ce. Abubuwa uku ne suke cin darajarta ko da tana rufe cikin akwati.

Na farko shi ne batir. Batirin waɗannan na'urori yana tsufa da aiki, yana kuma tsufa da zama, zafi kuwa yana gaggauta masa. Kamfanin Apple da kansa ya ce an yi batirin MacBook ne ya riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa zuwa caji dubu ɗaya, daga nan sai gangara. Wanda aka bari babu wuta wata da watanni yakan mutu murus, wani ma ya kumbura har ya ɗaga allon rubutu. A tsofaffin kwamfutoci masu kauri, da yatsa biyu ake zare batir ta baya a sa wani. A sirara kuwa a ciki yake, wani da kusoshi wani har da gam, sai an buɗe cikin na'urar kafin a kai gare shi.

Na biyu shi ne yadda aka ƙera ta. Tun daga watan Janairu na 2008, ranar da Steve Jobs ya zaro MacBook Air daga cikin ambulan a gaban jama'a, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kamfanoni suka shiga tseren rage kauri. To, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Domin a sami sirantar, sai aka riƙa like ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyara ke kira RAM, da dalma a jikin allon na'urar. Haka take a MacBook Air, haka a Dell XPS 13, haka a ThinkPad X1 Carbon. A sababbin MacBook har rumbun ajiyar ma a like yake. Ma'ana, wadda aka saya da ƙwaƙwalwa gigabayit 8, da 8 za ta mutu, babu ƙari. Manhajoji kuwa kullum ƙara ci suke yi. Shi ya sa ƙwararren dillali, kafin ya dubi kyan jikinta, ƙwaƙwalwar yake fara tambaya.

Na uku, wanda ya fi ɓoyuwa ga jama'a, shi ne ranar da masu manhaja suka yanke mata. A ran 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Magajinta Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba ta karɓar yawancin kwamfutocin da injinsu na Intel ya girmi zubi na takwas, wato wanda ya fara fitowa a 2017. A ɓangaren Apple kuma, tun da ya koma amfani da injin kansa mai suna M1 a ƙarshen 2020, kasuwar MacBook masu injin Intel ta fara sanyi, a 2025 kuma kamfanin ya sanar cewa manhajarsa ta wannan shekara ita ce ta ƙarshe da za ta hau injin Intel, ita ɗin ma babu MacBook Air mai Intel ko ɗaya a cikin waɗanda ta karɓa. Duk wanda irin waɗannan ranaku suka tarar da kayansa a akwati, ya kwana da hajja ya tashi da kwantai, ba tare da ko ƙura ta taɓa ta ba.

RUƊIN NAIRA

Masu ajiya suna da hujjar da suke kafawa. Sukan ce, ai wane ya sayi tasa kaza, bayan shekara biyu ya sayar fiye da yadda ya saya. Gaskiya ne an yi haka, amma a zo a yi lissafi. Kwamfuta kayan waje ce, da dala ake sayo ta. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, wajen 750 a hannun 'yan canji. A cikin 2024 ta haura naira 1,500.

Mu ƙaddara mutum ya sayi kwamfuta naira 450,000 lokacin da dala take 750. Dala 600 ke nan ya biya. Ya zo ya sayar da ita naira 600,000 lokacin da dala ta kai 1,500, yana murna ya ci ribar 150,000. Alhali dala 400 aka ba shi, sulusin kuɗinsa ya tafi. Zai gane haka ne ran da ya je sayen sabuwa irinta aka ce masa 900,000. Naira ce ta rame, shi ya sa kwamfutar ta yi kamar ta yi ƙiba. Kuma wannan ruɗi ba ya zuwa sai a shekarar da naira ta faɗi warwas. A shekarar da ta tsaya cik, faɗuwar darajar kwamfuta fitowa take tsirara. Ma'aunin gaskiya ɗaya ne ga mai son canji: nawa zan cika in karɓi sabuwa? Kowane wata da aka ƙara ana jira, cikon ƙaruwa yake yi.

KUƊIN IKKO DA KUƊIN KAFANCAN

Yanzu mu zo ga zuciyar maganar. Kwamfuta guda tana da daraja biyu, gwargwadon garin da take. A Ikko akwai masu neman siririya ido rufe: ma'aikacin banki mai ratayawa a kafaɗa yana kutsawa cikin motar haya, da matashi mai aiki da Turawa ta intanet, da mai son a gan shi da tambarin tuffa. Waɗannan suna biyan kuɗin rashin nauyi. In ta sami matsala kuma, kasuwar Computer Village tana nan a Ikeja, inda da wuya a rasa batir ko gilashi ko caja na kowace iri, da masu gyaran da suka ƙware a aikin dalma.

Ɗalibin Gidan Waya bukatarsa daban ce. Daga ɗaki zuwa aji zai kai ta, rabin kilo ba zai karya masa kafaɗa ba. Abin da ya dame shi shi ne batirin da zai riƙe shi idan an ɗauke wuta, da jikin da zai jure ƙurar hunturu da faɗuwa daga benci, da cajar da in ta ƙone zai sami wata a cikin gari, da kuma na'urar da mai gyara na kusa zai iya buɗewa. Siririya idan ta lalace a can, sau da yawa sai an aika Jos ko Kaduna ko Abuja, ko a jira kaya daga Ikko, kuɗin mota da na gyara su taru su fi ƙarfin yaron da ke lissafin kuɗin garin kwaki. Ƙarshenta sai ta koma ƙarƙashin gado, yaro yana jin nauyin gaya wa yayansa, yaya kuma yana can yana cewa ai ya sauke nauyi.

Saboda haka shawararmu ita ce a sayar da doki inda ake sukuwa. Mai siririya ya sayar da ita a Kurmi da zarar ya yanke shawarar canji, a cikin makon, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. A cikin kuɗin ya ware na ɗan gida, ya sayo masa ta hannu irin ta ma'aikatu, wadda aka yi domin wahala, kamar HP EliteBook 840 ko Dell Latitude ko ThinkPad jerin T, cikin waɗanda ake iya kwance bayansu a ƙara ƙwaƙwalwa, a canja rumbu, a sa sabon batir. Su ne Fijo 504 na wannan zamani: sun cika kasuwa, kayan gyaransu sun wadata, kowane mai gyara ya san cikinsu.

Sai dai a kula da abu guda wajen saye. Kada a ruɗu da takardar da aka manna mai cewa Core i5 ko Core i7, domin wannan sunan gida ne, ba shekarun haihuwa ba. A sa mai kaya ya kunna ta ya nuna cikakkiyar lambar injin. Idan an ga 8250U, takwas ɗin farko shi ne zubi na takwas. Idan an ga 6300U, zubi na shida ne, Windows 11 ba ta yarda da shi ba, ko da an yi dabara an cusa ta. Kuma a bar ta a kunne, babu caja, a ga yadda batirin yake sauka. Kada a yi cinikin biri a sama.

MASU JA DA WANNAN RA'AYI

Wani zai ce, da babu gara ba daɗi, kowace irin kwamfuta ta fi babu. Akwai gaskiya a nan. Tsohuwar na'ura ba ta daina aiki ran da Microsoft ya janye hannu ba, kuma yaron da yake son koyon bugu da gwajin jarrabawa za ta ishe shi. Masu sani ma sukan sa mata manhajar Linux ta ƙara shekaru. Abin da muke cewa shi ne a san abin da aka bayar, a kuma biya kuɗin da ya dace da shi. Na'urar da ba ta samun sababbin matakan tsaro ba wurin shiga asusun banki ba ce, kuma zalunci ne a sayar wa uban ɗalibi ita da kuɗin mai sauran rai.

Wani kuma zai ce kyauta ba ciniki ba ce, abin da na yi amfani da shi da hannuna ya fi daɗin bayarwa. Madalla da zumunci. Idan taka tana da ƙwaƙwalwa isasshiya, batirinta da ƙarfi, zubinta bai wuce ba, to, ba da ita, amma ka aika yanzu ta hannun amintacce, kada ka jira sai bikin Afan na Kagoro ran 1 ga Janairu. Ka haɗa da cajarta ta asali, in da hali ka sa mata sabon batir tun a nan inda ake samu. Kyautar da za ta zame wa mai karɓa bashi ba ta cika kyauta ba.

Akwai kuma masu kukan cewa 'yan kasuwa suna karya kaya idan an kai musu musaya. Lalle tayin mai shago ba zai kai na mai saye don kansa ba, domin shi ma sai ya biya haya, ya gyara, ya jira mai saye, ya kuma ɗauki kasadar abin da zai ɓullo daga baya. Mai gaggawa ya yi musaya ya cika, ya san ya sayi sauƙi ne da kuɗinsa. Mai haƙuri ya zagaya shago uku ko huɗu ya ji tayi, sa'an nan ya nemi mai saye cikin abokan aiki ko 'yan unguwa. Albarka ba faɗa ba ce, kowa yana da ikon cewa bai sallama ba.

AMANA A CINIKI

Daga ƙarshe, akwai haƙƙoƙin da ke kan mai sayarwa, waɗanda kuma su ne suke ɗaga kuɗin kayansa. Ya adana rasit da kwali da caja tun ran da ya saya, domin kayan da ke da shaida ya fi tsada, kuma karɓar kayan sata laifi ne a dokar Kudu da ta Arewa, mutane da yawa sun kwana a ofishin 'yan sanda saboda arahar da ba ta da takarda. Ya kwashe hotunan iyalinsa da takardunsa da lambobin banki, ya sa a goge rumbun sarai, domin jefa abu a kwandon shara na kwamfuta bai fitar da shi daga cikinta ba. Ya cire asusunsa da kalmar sirri. MacBook ta zamani da aka bari a ɗaure da asusun mai ita na farko ba ta buɗuwa ga kowa, sai dai a sayar da ita gunduwa-gunduwa kamar naman layya.

Sa'an nan ya faɗi aibin kayansa. In ta taɓa shan ruwa ya faɗa, in mahaɗin murfin ya saki ya nuna, in tana zafi ya bayyana. Masallaci da coci duk abu ɗaya suke koyarwa a kan wannan, kuma mu baƙi ne a Kurmi, sunan mutum ɗaya yakan shafi na jama'arsa duka. Amanar da ta sa ake bai wa Bahaushe ajiyar kuɗi a Sabo ta Badun da Agege ba da rana ɗaya aka gina ta ba.

Muna kuma kira ga ƙungiyoyin ci gaban garuruwa da 'yan'uwanmu na kudancin Kaduna suka kafa a biranen Kudu, su sa wannan magana cikin ajandar taronsu na wata. Maimakon kowa ya aika da tasa iri daban, a haɗa kuɗi a sayo iri ɗaya da yawa, a sami ragin sari, caja ta zama ɗaya, kayan gyara su zama ɗaya. A kuma ɗauki nauyin samari biyu ko uku su zo Ikeja su koyi gyara, su koma su buɗe shago a Kafancan da Zonkwa da Kaciya. Ran da aka sami ƙwararrun masu gyara da kayan aiki a gida, ran nan darajar kowace kwamfuta da ke yankin za ta tashi, har da siraran.

Kafin wannan rana ta zo, ɗan'uwa, in akwai wata kwance a akwatinka, ciro ta yau ka sa mata caji, ka duba lambar injinta, ka tambayi kuɗinta. Magabata sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, kuma gidan da muke nufi a nan akwai yaron da ke jira a cikinsa. Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, ya sa albarka a nemanmu, ya mai da kowa gida lafiya. Amin.